Anti Wanke-Hannu da Yarinyar da Babu Ita a Littafi

Kafin mai gadi ya buɗe babbar ƙofar laburaren unguwarmu, ita ta riga ta iso tana jiransa, tana duban agogonta tana duban fuskarsa. Da ta shiga sai ta tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta jera bokiti da buta da sabulu a bakin ƙofar sashen yara, sannan ta bi kantoci tana zaro littattafai ɗaya bayan ɗaya. Bincike take yi. Ta riƙe littafi ta girgiza, ko wani ya ɓoye ledar alawa a ciki. Ta ɗaga shafi saitin taga, ko an yaga an liƙe da yawu. Wani lokaci har sansanawa take yi, ta ce wannan ya kwana kusa da risho. Sai ta gamsu babu abin da ya same su sannan ta shimfiɗa darduma, ta ajiye 'yar kujerarta ta katako a tsakiya, ta zauna jiran yara.

Yara ne suka sa mata suna Anti Wanke-Hannu, domin babu mahalukin da ya taɓa taɓa littafi a ɗakin nan bai bi ta bokitinta ba. Manya kuma suna ce mata Malama, suna yi suna taka-tsantsan. Mace ce da ba ta yarda da abu sai ta juya shi ta ga bayansa. In ka gaishe ta da fara'ar da ta wuce ƙima, sai ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta tambaye ka me ka ɓata. In yaro ya ce ƙanensa ne ya yaga shafi, sai ta ce a kawo ƙanen ta ji daga bakinsa. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekarun da waɗanda ta fara karanta wa littafi yanzu su ne ke kawo nasu 'ya'yan. Nawa 'ya'yan ma duk sun wanke hannu a bokitin nan, shi ya sa na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Abin da ya sa unguwa ba za ta manta da ita ba ya faru ne shekarar da aka sake buɗe masaƙa. Kamfanin ya kwaso ma'aikata daga nesa da iyalansu, ya zuba su a jerin gidajen da ke bayan katangar masaƙar. Harshensu daban, suturarsu daban, 'yan matansu kan yi dogon kitso guda biyu su ɗaure bakinsa da jan zare. Ba su yi wa kowa komai ba, amma daga zuwansu duk abin da ya ɓace a unguwa sai a kalli wajen katanga. Zane ya faɗo daga igiyar shanya iska ta tafi da shi, su ne. Famfo ya ƙafe, su ne suka yi yawa. Su ma ta nasu ɓangaren ba su saki jiki ba. In ka yi musu sallama sai su amsa a taƙaice su ja 'ya'yansu ciki.

Wata Asabar, ranar da Anti ke karanta wa yara littafi, sai ga 'ya'yan baƙin nan sun tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa, ba su shiga ba, ba su tafi ba. Ta taso ta dube su daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa ɗan kowa. Sannan ta nuna bokiti.

“Hannu,” ta ce.

Suka wanke, suka shiga. Iyakar marabar da ta yi musu ke nan, kuma ita ce marabar da ta fi kowace gaskiya a unguwar a lokacin, domin zargin Anti ba ya zaɓen fuska.

Littattafan sashen nata masu hotuna ne, rubutu kaɗan, zane ya cika shafi. Takan buɗe littafi ta juya shi wajen yara, tana karantawa a kaikaice. 'Ya'yan baƙi ba su jin maganar sosai da farko, amma hoto ba ya buƙatar tafinta. In kare ya faɗa kwata a cikin littafi, dariya ɗaya kowa ke yi. A cikinsu akwai wata doguwar yarinya mai wushirya, har sunan ya bi ta, kowa na ce mata Wushirya. Kullum takan zauna kusa da Auta, 'yar ƙaramar 'yar Mai Kemis, wanda shi ne ciyaman na kwamitin iyaye masu kula da laburaren. Ba a jima ba yaran biyu suka zama in ka ga ɗaya ka ga ɗaya. Auta na koya mata sunayen abubuwa, ita kuma tana koya wa Auta wasan tafa hannu irin nasu.

Wata safiya Anti na binciken da ta saba, ta buɗe wani littafi mai labarin abokai da suka je wasa gindin bishiya. A gefen hoton, inda da ciyawa ce kawai, sai ga wata yarinya zaune, an zana ta da fensir mai launi. Dogon kitso biyu, jan zare, baki a buɗe da wushirya. Anti ta ji kamar an mare ta. Ta goge da abin goge fensir, launin ya ƙi fita. Bayan 'yan kwanaki ta sake samun wata a wani littafin, cikin motar 'yan makaranta, tana leƙowa ta tagar da babu kowa. Sai wata a bakin teku riƙe da bokiti. Sai wata a layin masu tsalle da igiya.

A ranta ta gama yanke hukunci. Wa zai zauna ya zana wannan fuskar in ba mai fuskar ba? Ta matsar da teburinta inda za ta riƙa ganin Wushirya sosai. Ranar Asabar ta tsayar da ita a ƙofa ta ce ta buɗe jakarta. Yarinyar ta zazzage komai a ƙasa a gaban sauran yara: allon makaranta, guntun alli, hankici. Babu fensir ko ɗaya. Anti ta ce a ranta an ɓoye ne a wani wuri. Daga ranar Wushirya ta daina taɓa littafi. Takan zauna ta danne hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta, ta saurari labari, ta tashi ta tafi. Amma zanen bai tsaya ba.

Kafin Anti ta gano bakin zaren, wata uwa ta ari littafi ta kai gida, ta ga yarinya mai jan zare a ciki, ta wuce da shi kai tsaye shagon Mai Kemis. Shi kuwa mutum ne da ko takardar magani aka kawo masa sai ya karanta ta sau biyu ya tambayi wane likita ya rubuta. Da yamma sai ga shi a sashen yara, littafin a hammata.

“Malama, kin ga wannan?”

“Na gani, Ciyaman.”

“Kin gani kika yi shiru? Yau zane ne a littafi, gobe me za mu gani? Tun farko na ce a yi hankali da shigo da yaran nan. Za mu zauna ranar Laraba, kuma abin da zan kawo shi ne a tsayar da su a waje har sai an san halinsu.”

Ta ce masa ta ji. Gaskiya a ranta ba ta ga laifin maganarsa sosai ba, domin ita ma abin da take zato ke nan.

Ana jibi za a zauna, da rana tsaka ɗakin ya yi tsit, ta ji wani ƙaramin sauti daga bayan kanta ta ƙarshe, kamar ɓera na cin takarda. Ta cire takalmi ta taka a hankali. Auta ce kwance rub da ciki, harshe a waje, littafi a buɗe a gabanta, tana shafa jan launi a bakin kitso. Fensiran a cikin safarta take ɓoye su.

“Tashi zaune,” Anti ta ce.

Yarinyar ta zabura, fensir ya faɗi.

“Wushirya ce ta sa ki?”

“A'a, Anti. Wallahi ba ta ma sani ba sai da ta gani. Ta ce in daina, za a ce ita ce.”

“To me ya kai ki ɓata kayan jama'a?”

“Ban ɓata ba. Inda babu kowa nake sa ta.” Hawaye suka zubo mata. “Duk littafin da kike karanta mana kowa yana ciki, ban da ita. Ta ce min littattafan nan namu ne, su kallo kawai suke zuwa. Don Allah kada ki gaya wa Baba.”

Anti ta karɓe fensiran ta sallame ta. Amma ko maganar yarinya ba ta haɗiye haka nan ba, sai da ta bincika. Ta sauke littattafan kantocin nan gaba ɗaya ta zube a darduma, tana buɗewa shafi shafi, wannan karon ba yagewa take nema ba. Ta ga giwa mai wando, ta ga jirgin ƙasa mai magana, ta ga yara na ƙasashen da ba za ta taɓa zuwa ba. Fuska ɗaya irin ta mutanen da ke kwana a bayan katangar masaƙa ba ta gani ba, sai waɗanda Auta ta zana. Ta daɗe zaune a tsakiyar tulin littattafan. Shekara da shekaru tana duba hannun yara kada su cuci littafi, bai taɓa zuwa mata ba cewa littafi ma a duba shi.

Ranar Laraba aka zauna a ofishin shugaban laburare, wanda kowa ke ce wa Oga. Ga Mai Kemis, ga tela, ga tsohon hedimasta, ga iyaye mata a benci. An aika a kira mahaifiyar Wushirya, ta zo daga wajen aiki da rigar masaƙa, ɓurɓushin auduga a gashin girarta, ta tsaya kusa da ƙofa kamar mai shirin gudu. Mai Kemis ya buɗe littafin ya ɗaga sama.

“Jama'a, hoton wa kuke gani a nan?”

Kowa ya juya ya kalli matar.

“Hoton 'yarta ne,” Anti ta ce, “amma ba ita ta zana ba.”

“To wa ya zana?”

“Na sani. Ba zan faɗa a nan ba.”

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Wata ta ce dama an ce matan masaƙa suna kai wa Malama yadi. Tela ya ce shi ya ji wata ƙungiya ce ke turo mata littattafai don a juya wa yara tunani. Oga ya share gumi ya ce in ba za ta ba kwamiti haɗin kai ba, akwai gurbi a ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu, inda babu yaro ko ɗaya. Wannan ce barazanar da ta fi mata ciwo, kuma ya sani.

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta ta mayar.

“Ni ma da farko abin da kuke zato na zata, har na sa yarinyar ta zazzage jakarta a gaban mutane. Ban sami komai ba, domin babu komai. In kun ce mai zane za a hana shiga, to a rubuta haka: wanda ya yi zanen, ko ɗan wa ye, ko 'yar wa ce. Ciyaman, ka amince da wannan?”

Ta tsare shi da ido, ba ta ƙifta ba. Mai Kemis ya buɗe baki zai ce ya amince, sai ya fasa. Mai zargi ne shi ma, ya san irin wannan kallon ba a banza ake yin sa ba. Ya sake jawo littafin ya ƙura wa zanen ido, ya daɗe. Sannan ya rufe ya ce a ɗaga maganar zuwa wani zama.

Abin da ya faru a gidansa matarsa ce ta ba da labari daga baya: ko tambaya bai gama ba Auta ta fashe da kuka ta faɗi komai. Washegari ya zo riƙe da hannunta, ya sa ta durƙusa ta ba Anti haƙuri, ya ce zai sayo sababbin littattafai a madadin waɗanda aka ɓata.

“Ba ni aka yi wa ƙazafi ba, Ciyaman,” ta ce. “Ni yanzu bayan katanga zan je. In za ka, ga hanya.”

Ya ce shago babu kowa. Ita kaɗai ta tafi. Mahaifiyar Wushirya ta buɗe ƙofa kaɗan, ta tare da jikinta.

“Me kuke so kuma?” ta tambaya da 'yar Hausar da ta iya.

“Haƙuri na zo bayarwa. Ki kira min ita.”

Matar ta daɗe tana kallonta, tana neman inda tarkon yake. Daga ƙarshe ta kira yarinyar. A nan bakin ƙofa, maƙwabta na leƙe, Anti ta roƙi yarinyar ta yafe mata, ta ce ranar Asabar tana jiranta, kuma ta zo da hannuwanta a sake. Ba a ba ta wurin zama ba a ranar, ko ruwa ba a ba ta ba. Amma Asabar na yi Wushirya ta zo, uwarta na biye da ita don ta ga abin da za a yi.

Ke ce, Anti, da kika nemi littafi mai fuskar yaran nan a wajen masu sayarwa kika rasa, ba ki zauna jira ba. Kika samo farar takarda, kika ninke, kika ɗinke tsakiya da allura da zare, kika mayar wa Auta fensiranta kika ce ga inda za ta yi zane daga yau. Ke ce kika haɗa yara biyu biyu, ɗan unguwa da ɗan bayan katanga, kika ce kowane littafi sai an ga su duka a ciki, ba ɗaya na wasa ɗaya na kallo ba. Rubutu a sama da harshenmu, a ƙasa da nasu. Labaran ba wasu manya ba ne: yadda kyanwa ta haihu a ƙarƙashin matakala, yadda aka gyara keken da ya karye, yadda aka yi faɗa a kan ƙwallo aka shirya kafin a tashi.

Kada wani ya ɗauka daga nan zargi ya ƙare. Mai Kemis ya kafe cewa babu littafin da zai hau kantar littattafai sai ya san me aka rubuta a layin ƙasa. Anti ta ce ita ma haka. Sai ta riƙa kiran mutum biyu daga bayan katanga, kowa daban, ɗaya bai san an kira ɗaya ba, su fassara mata. A haka ta kama wani ɗan ƙiriniya da ya rubuta a ƙasan hoton agwagwa cewa ga Anti nan tana tafiya. Ta sa shi ya sake shafin, amma waɗanda suke wurin sun ce sai da ta juya baya tana gyara tabarau, kafaɗunta na rawa.

Iyaye mata kuma suka fara zuwa ranar Asabar suna zama a baya, matan unguwa a benci ɗaya, matan masaƙa a ɗaya, kowane ɓangare ya zo gadin abin da za a zuba wa ɗansa a kunne. An daɗe a haka, ana kallon juna ta wutsiyar ido. Ranar da abin ya fara sauyawa ba wani jawabi aka yi ba. Jaririn wata matar masaƙa ne ya tsala kuka tana fama da babban ɗanta, sai matar Mai Kemis ta miƙa hannu ta karɓe shi ta saɓa a kafaɗa, ya yi shiru. Wasu gidajen dai sun janye 'ya'yansu ba su sake dawo da su ba, kuma har yau akwai masu cewa Malama ta wuce gona da iri. Ba ta taɓa bin su da roƙo ba.

Da shekaru suka ja, masu buga littattafai suka fara kawo na yara masu fuskoki iri iri, kuma aka zaci za ta karɓa hannu bibbiyu. Ina! Sai ta zauna ta tace. In ta ga an zana baƙo kullum cikin kayan ado yana rawa, sauran yara na tafa masa, sai ta ture gefe ta ce mai zanen nan bai taɓa zama tabarma ɗaya da su ba. In ta ga littafin da yaro ɗaya ne kullum mai taimako ɗayan kullum abin tausayi, ta ce wannan ba abota ba ce. Wanda take so shi ne wanda yaran za su yi musu, su yi fushi, su ari abin juna, wani ya yi kuskuren faɗin kalmar wani a yi masa dariya, gobe kuma a sake haɗuwa. Irin waɗannan ne suka cika kantarta, gefe da gefe da masu ɗinkin allura da zare da bayansu ya yi laushi don yawan buɗewa.

Iyalin Wushirya sun bar unguwar lokacin da masaƙa ta rage ma'aikata. Amma da Auta ta yi haihuwar fari, Wushirya ta yi doguwar tafiya ta zo ta zauna da ita har ta yi ƙarfi, kuma a ɗakin da Mai Kemis ke ajiye manyan baƙinsa ta sauka.

Da na je na shaida wa Anti zan yi rubutu a kanta, ba ta yi murmushi ba.

“Wa ya aiko ka?”

“Babu kowa, Anti.”

“To kawo in gani kafin ya fita.”

Na kai mata. Ta karanta a tsaye, ta soke wata kalma da na kira ta jaruma, ta ce ita ma'aikaciyar laburare ce, kada in ƙara mata abin da ba a ɗauke ta aiki a kai ba. Ta ce kuma kada in kuskura in cire wurin jakar yarinyar.

Mun gode, Anti, uwar masu ƙananan hannuwa. Mun gode da idon da bai bar ɗan kowa ba, kuma bai bar ke kanki ba. Allah ya sa hutun ya karɓe ki, ya ba ki lafiyar cin moriyarsa. Mu kuma da muka rage, iyaye da malamai da masu zane da masu buga littafi, aikin ba shi da wuya. In za ka miƙa wa ɗanka littafi, buɗe ka duba su wa ke ciki. Sannan ka leƙa waje ka ga da wa yake wasa. In abokin nan babu shi a shafi, nemo littafin da yake ciki, in ka rasa, ga takarda ga allura.